Ranar da Baba Ya Hau Taraktar Mijina

Tarakta ta farko da ta taka ƙasar Gaya maigidana ne ya tuƙa ta. Na fara da wannan ne don yanzu in ka tambayi dattawan gari sai su ambaci wani, wanda ya zo bayansa. Ni kuwa ina bakin kogi ranar da aka sauko da ita daga jirgin fito, ta ƙetaro daga Dahome, ja wur, tana tari tana fitar da baƙin hayaƙi, ina kallo maigidana ya hau ya juya ta ya nufi bariki. Lokacin Nasara, wato Bature mai mulki, bai tafi ba, amma an fara raɗe-raɗin tafiyarsa.

Kafin nan yaron mota ne a manyan kamiyon da ke jigila tsakanin Gaya da Dosso. Ya sha wahala, ya kwana ƙarƙashin mota, ya ɗauki dutsen da ake tokare taya da shi a gangare, har Allah ya sa ya sami parmi, takardar nan ta izinin tuƙi. Babana bai so aurenmu ba da farko. Shi fatauci yake yi na gishiri da goro, mutum ne mai ji da kansa, in kumandan, babban Nasaran bariki, zai yi shawara kan kasuwa ana kiransa a ba shi kujera. Cewa yake yi ƴarsa ba za ta auri mai warin baƙin mai ba. Ni na nace, kuma ni ba a cika musu da ni a gidanmu ba, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A gabansa na girma ina faɗin abin da ke bakina, yana dariya yana cewa halin tsohuwa ne ya dawo.

Nasaran da ke kula da aikin gona shi ya zaɓi maigidana. An kawo taraktar ne don noman shinkafa a fadamu, yau ta nufi wajen Tanda, gobe wajen Bana, kuma duk inda za ta sai ta bi babban titi tukuna. Tana jan wani amalanken ƙarfe da ake loda wa iri da garma. Ranar da aka damƙa masa ita, Nasaran ya sa tafinta ya karanta masa dokokin titi, maigidana ya dawo gida ya maimaita mini su yana cin tuwo. Ya riƙe hannun dama. Ya ɗaura jan ƙyalle a bayan amalanke don masu kamiyo su hango shi. Kada ya ɗauki kowa, ko wane ne. Sa'an nan Nasaran ya shafa farin fenti a gefen sandar da ake ba ta wuta, ya ce in dai a kan titi ne kada sandar ta wuce nan. Dalili kuwa, amalanken ba shi da birki. In aka yi gudu aka tarar da gangare, shi zai riƙa tura taraktar daga baya, ba ita za ta ja shi ba.

Jan ƙyallen ma daga bakin zanena na yago masa shi.

To, maigidana irin mutanen nan ne da in aka ce musu kada, sun ji ke nan har abada. In sandar tana kan fenti, gudun taraktar bai wuce sassarfar jaki ba. Sai gari ya sa shi a baki. Masu kamiyo, abokansa na dā, in sun zo wuce shi sai su leƙo su ce ya ba su saƙo su kai masa gaba. Mata masu tallan kifi suka ce sun fi shi sauri da kaya a kansu. Aka sa masa suna hawainiya. Ni abin yana ƙona mini rai, har na taɓa tanka wa wata a bakin rijiya, na ce mijinta ko keke bai iya hawa ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce da ni, su yi ta faɗa, shi ya ga abin da gangare ke yi wa mota mai kaya.

Maganar ɗaukar mutane ita ta fi jawo masa baƙin jini. A wurinmu ba ka wuce na gida yana tafiya a ƙasa kai kana bisa abin hawa, ko jaki ne sai ka ce kawo kayanka. Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa ya wuce. Ya wuce limamin unguwarmu. Ya wuce ƙanwar uwarsa da damin itace a ka, ta yi fushi da shi har bayan salla. Amma Baba a lokacin ya sauya. Wanda dā yake cewa mai warin mai, yanzu in ya zauna a rumfa sai ka ji yana cewa surukinsa ne Nasara ya amince wa da ƙarfen da ya fi doki goma. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Tsakaninsu kuwa kunya ce irin ta suruki, ta sosai. Maigidana bai taɓa cin abinci a inda Baba yake ba. In ya hango shi a hanya zai kauce, in babu wurin kaucewa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa. Bai taɓa kallon idonsa ba. In Baba yana son ya gaya masa magana, da ni yake yi, ko ya yi da bango, ya ce a gaya wa yaron nan kaza, alhali yaron nan yana tsugune a gabansa. Duk garin haka ake yi, amma na maigidana ya fi na kowa, don yana ganin alfarma aka yi masa da aka ba shi ni.

Wata safiya da farkon damina aka aiko cewa yayar Baba ta rasu a wani ƙauye kafin Bana. Ita ta goye shi yana ƙarami. Ya fito ba ko karin kumallo, da shi da wani amininsa, tsohon tela, ni kuma ina bin su a baya da ƙwarya a ka. Babu motar da za ta wajen a ranar, kamiyon duk suna bakin kogi suna jiran kaya. Muka kama hanya a ƙasa. Mun fita gari mun fara hawan tudu sai na ji ƙarar taraktar a bayanmu. Na san da fitarsa, zai kai irin shinkafa fadamar Bana. Na san abin da zai biyo baya tun kafin Baba ya waiwaya.

Baba bai ɗaga hannu ba. Tsakiyar titi kawai ya shiga ya tsaya, ya dogara sandarsa.

Maigidana ya tsayar da taraktar, ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan tsakuwa ya yi masa ta'aziyya. Baba ya amsa yana kallon wani wuri, ya zagaya baya, ya kama ƙarfen amalanke ya hau, ya miƙa wa tela hannu ya jawo shi. Suka zauna a kan buhunan iri.

Na ce, "Baba, an fa hana. Aikinsa ne zai tafi."

Ya ce, "Uwata, hau. Yau yayata ce ta mutu, ba Nasara ba."

Na dubi maigidana. Yana durƙushe har yanzu, gumi yana bin wuyansa. Mutumin da ya iya wuce liman bai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa sauka ba. Ya tashi ya koma mazauninsa. Ni ma na hau, don ban ga amfanin in tsaya ni kaɗai a titi ba.

Muka ci gaba da tafiya, sanda tana kan fenti. Rana ta fara ɗagawa. Baba yana ta mutsu-mutsu, yana duban sama. Can ya ce da ni in gaya wa yaron nan ya ƙara wuta. Na ce ba zan faɗa ba. Ya sake cewa, na kau da kai. Sai ya ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar injin, yana magana da tela amma kowa ya san da wanda yake. Ya ce, "Ka gani ko? Za a binne ta ban ga fuskarta ba, ina zaune a kan motar surukina." Ya ɗaga sandarsa ya riƙa buga ƙarfen amalanken, yana bugawa yana cewa, "A tafi mana. A tafi."

Ina kallon hannun maigidana. Ya daɗe a kan sandar wutar bai motsa ba. Sa'an nan ya tura ta ta wuce fentin.

Ba mu yi nisa ba muka kai inda tudun yake sauka. Abin da Nasara ya faɗa shi ya faru, ba ragi. Amalanken ya fara tura taraktar, yana wutsil-wutsil hagu da dama. Ga wata kamiyo ta taho daga Dosso ta cika titi. Maigidana ya karkata dama don ya ba ta hanya, tayar amalanken ta faɗa ramin da ruwan sama ya ci a gefen titi, sai ga mu a ƙasa, buhuna a kanmu. Ni na ƙuje a gwiwar hannu. Baba ya tashi yana kakkaɓe riga, rawaninsa ya warware, ko ƙwarzane bai yi ba. Tela ne bai tashi ba. Ƙafarsa ta karye a cinya, yana kwance yana salati.

Mai kamiyon ya ɗauke shi zuwa likita. Kafin azahar jandarma sun zo sun tafi da maigidana. Baba kuma ya ƙarasa ƙauyen a ƙasa, ya tarar an riga an binne ta.

Tafintan bariki ɗan unguwarmu ne, matarsa ƙawata ce. Shi ya aiko ta ta gaya mini yadda maganar take. Nasaran gona yana son maigidana, ba ya so ya rasa shi, ya kuma roƙi kumandan. In Baba ya zo ya ce shi ya tare hanya ya hau da kansa saboda mutuwa, shi ya matsa a yi sauri, to za a yi wa maigidana faɗa a mayar masa da parminsa. In kuwa ya tabbata maigidana ne ya tsaya ya ɗebi mutane ya yi gudu don ganin dama, parmi ya tafi, kuma akwai kaso. Tela yana kwance, ya ce shi bai tuna komai ba. Ni matar wanda ake tuhuma ce, ba za a saurare ni ba. Maganar ta rage a bakin Baba.

Da ya dawo daga zaman makoki na same shi bayan la'asar a zaurensa. Na durƙusa na gaya masa duk yadda aka ce. Ya saurare ni har na gama, ya ɗora hannu a kaina. Ya ce, "Uwata, kwantar da hankalinki. Abin da ya faru shi zan faɗa." Wallahi na yarda. Na koma gida na yi barci, na ma wanke wa maigidana rigar aikinsa na shanya, don ya same ta da tsabta.

Ranar shari'a aka taru a barandar bariki. Kumandan yana zaune bayan tebur, Nasaran gona a gefe, tafinta a tsaye. Maigidana yana tsugune a ƙasa tsakanin gardi biyu, dogaran bariki. Baba aka ba shi kujera, kamar yadda aka saba. Mu mata muna waje a ƙarƙashin bishiya, amma ana jin komai. Ƴaƴan tela ma sun zo, sun tsaya a gefe fuska a ɗaure.

Aka tambayi Baba. Ya gyara zama, ya gyara rawani, ya yi magana a natse da muryar nan tasa ta kasuwa. Ya ce suna tafiyarsu a gefen hanya yaron nan ya tsaya ya ce su hau. Ya ce shi tsoho ne, me ya sani game da dokar ƙarfen Nasara. Ya ce da ya ga gudun ya yi yawa har buga amalanken ya riƙa yi da sanda, yana cewa a yi a hankali, amma yaro bai ji ba.

Bugun sandar nan da ya ambata shi ya fi ci mini rai. Bai ƙirƙiro sabon abu ba, abin da ya yi da hannunsa ya ɗauka ya juya shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba haka aka yi ba, ina wurin, ni ma ina cikin amalanken. Wani gardi ya tare ni da hannu. Kumandan ya tambayi tafinta me matar nan ke cewa, Baba ya riga shi, ya ce ƴarsa ce, matar yaron, hankalinta ne ya tashi. Bai ko waiwayo ya dube ni ba.

Sai kumandan ya juya ga maigidana. Tafinta ya ce masa, "Ka ji abin da dattijo ya faɗa. Haka aka yi?" Ya ma sake tambayarsa a hankali, yana jan maganar, yana ba shi hanya. Nasaran gona ya sunkuyo yana jira. Ni ina ta roƙon Allah a zuciyata ya buɗe bakin mutumin nan sau ɗaya a rayuwarsa. Ga Baba a kan kujera, taku kaɗan daga inda yake tsugune, ga rabin kasuwa a tsaye suna kallo. Maigidana ya dubi ƙasa. Ya ce, "Yadda Baba ya faɗa."

Aka karɓe parmin. Aka yanke masa watanni a kaso.

Ƴan kaso a lokacin su ke gyaran titi. Suna ɗebo jar ƙasa a kwando a ka suna cike ramukan da damina ta haƙa. Ina kai masa fura a bakin hanya, kuma akwai ranar da na same su daidai gangaren nan, yana cike ramin da ya kayar da mu. Muna tsaye taraktar ta zo ta wuce. An ba wani, ɗan'uwan wani ma'aikacin bariki. Amalanken cike da mutane har da akuya, gudu kuwa ba a magana, jan ƙyallena babu shi. Mutanen ciki suna ta yi masa kirari. Ba wanda ya taɓa kama shi, don bai taɓa faɗuwa a gaban kamiyo ba.

A nan na kasa haƙuri na tambaye shi. Na ce, "Malam, me ya hana ka magana? Kalma ɗaya fa."

Ya ce, "Mahaifinki ne. In na ƙaryata shi a gaban Nasara da ƴan kasuwa, gobe da wane ido ƴaƴanmu za su shiga gidansa?"

Na ce ni ban roƙe shi ya rufa wa kowa asiri ba. Na faɗa masa maganganu masu zafi, har gardin da ke tsaronsu ya ce in sassauta. Shi dai ya shanye furarsa ya miƙo mini ƙwarya ya ɗauki kwandonsa. Na yi fushi da shi ƙwarai, amma fushin da na yi da shi daban ne. Shi abin da ya mallaka ya bayar. Baba kuwa na wani ya ɗauka.

Har yau ban san takamaiman abin da Baba ya ji wa tsoro ba. Ko ƴaƴan tela ne, kada su ce shi ya karya musu uba. Ko kujerar nan ce ta bariki. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ni mace ce, ban san yadda ake magana da Nasara ba. Daga ranar na daina zama a zaurensa. Ina zuwa gaisuwa, ina kai tuwon salla, amma hirar nan tamu ta dā ta mutu. Yana cewa Uwata, ina amsawa da na'am, shi ke nan.

Da maigidana ya fito, babu mai kamiyon da zai ba shi mota ba parmi. Ya koma bakin kogi yana dako, yana sauke buhuna daga jirgin fito. Nasara ya tafi, aka sami ƴancin kai, taraktoci suka yi yawa, har aka ce masa ya je Dosso ya sake neman takarda. Bai je ba. In muna tafiya a titi muka ji tarakta a baya, sai ya sauka can cikin ciyawa ya tsaya har ta wuce, yana sauraron injin. Wani lokaci ya ce, wannan ya cika mata wuta. Bai taɓa cewa komai game da Baba ba. Yana nan yana tuɓe masa takalmi, yana durƙusawa, kamar babu abin da ya taɓa faruwa.

Shekaru suka wuce, Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da ya ji jikinsa ya yi nauyi sai ya sa aka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya don a yafi juna, kamar yadda ake yi. Ya nemi gafarar ƙannensa, ya nemi ta maƙwabta, har wani da suka taɓa cacar baki kan rumfa aka je aka kirawo. Rannan da hantsi ya ce a kira masa yaron nan. Ina zaune a bakin gadon ina yi masa fifita. Na ce a raina, to, yau dai. Ya makara, amma yau dai zai faɗa, kuma na yi niyyar in ya faɗa in yafe masa har cikin zuciyata.

Maigidana ya shigo, furfura ta fara fito masa, kafaɗarsa ɗaya ta karkace saboda dako. Ya bar takalminsa a ƙofa ya durƙusa nesa da gadon. A karo na farko a rayuwarsa Baba ya yi masa magana kai tsaye, ba ta bakina ba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya na ji.

Ya ce, "Abin nan na hanyar Bana. Kunyar da ka jawo mini a gaban Nasara, da ƙafar aminina. Na daɗe da shi a raina. Na yafe maka."

Na dubi fuskarsa ina neman alamar ya san abin da yake faɗa. Babu. Ya faɗi labarin nan sau da yawa har ya zauna masa, da gaske yake yafewar.

Maigidana ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Na ajiye maficin a kan gado na fita tsakar gida. Ina ji yana kira a hankali, Uwata, Uwata. Ƙanwata ta leƙo ta ce Baba na kiranki. Na ce ta shiga ta yi masa fifitar, ni zan raka mijina gida.